RA'AYINMU: Kafin Ka Ƙwace Littafin Ƙanwarka



Duk wanda ya san zaman gidaje a Kusa da Magama da cikin garin Jibiya ya san yadda littafi ke yawo a hannun mata. Guda ɗaya za a sayo daga Katsina ko Kano, ya zaga unguwa, ya tsallaka Ɗan Isa har Maraɗi a jakar 'yar biki. Kuma duk wadda ta miƙa shi za ta faɗi hukuncinta: wannan akwai darasi, wannan ɓata lokaci ne, wannan kada a bai wa yarinya. Wannan aro da wannan tacewa su ne ɗakin karatun matanmu.

Abin takaici, da yawa daga cikinmu samari da zarar mun ga littafin Hausa a hannun ƙanwa ko mata sai ƙwace da zagi, alhali ko shafi ɗaya ba mu buɗa ba. A 2007 an cinna wa irin waɗannan littattafai wuta a Kano. Shin karatun ya tsaya? Sai ma ya koma cikin waya, inda babu yaya babu malam.

To, 'yan uwa, mu duba abin da su matan suka daɗe suna yabawa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta don ya yi amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Wa Zai Auri Jahila? kuwa kuka ne a kan cire yarinya daga makaranta a yi mata auren dole. Haka Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jiharmu, ya ɗaukaka ilimin 'ya mace. Ba mu ce duk abin da ke kasuwa alheri ne ba. Akwai na batsa da na sharholiya, kuma matan sun riga mu sanin su. Amma wallahi wa'azin waɗannan ukun maza ya fi shafa.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne. A cikin Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar waƙoƙinta zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu.

Saboda haka muna kira gare ka, ɗan uwa: karanta kafin ka yanke hukunci. Tambayi Inna ko Yaya wane littafi suka yaba, kuma me ya sa. Idan za ka sayi tsaraba, haɗa da Ahalari ko Ishmawi da littafin tarihi. Mu tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jibiya saboda matsalar tsaro: mai littafi a akwati kaɗai bai rasa abin karantawa ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, mu da iyalanmu.