Tsince-Tsince a Wasan Kwamfuta: Gishirin Wasa Ko Aikin Baban Giwa?

Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda duk ya taɓa leƙa gidan wasan kwamfuta, ya tarar da samari sun ƙura wa allo ido, an cinye wasa tun shekaranjiya amma ana nan ana bin lungu-lungu ana neman gashin tsuntsu ɗaya da ya rage, ya san karin maganar nan ba ta tsufa ba. Abin da ake kira tsince-tsince shi ne ƙananan abubuwan da masu ƙera wasa kan warwatsa cikin duniyar wasan, watau irin su tutoci da taurari da kwabbai, don mai wasa ya nemo ya tara. Gardama ta daɗe a kansu. Waɗansu na cewa su ne gishirin wasa, waɗansu kuwa na cewa aikin baban giwa ne kawai.

To, in an bi asali, tsince-tsince ba baƙo ba ne. A wasan Pac-Man, wanda kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fitar a 1980, cinye ɗige-ɗigen da ke kan hanya shi ne wasan ɗungurungum. A Super Mario Bros. na 1985, wanda ya tara kwabo 100 ya sami ƙarin rai guda. Da aka zo Super Mario 64 a 1996, sai kamfanin Nintendo ya ɓoye taurari 120, amma ya ce 70 sun isa a kai ga karon ƙarshe. Kowane tauraro kuwa da irin gwanintar da yake nema, wani sai an yi tsere, wani sai an haye dutse. A nan ba mai kukan wahala, domin neman shi ne daɗin, kuma an bar wa mutum zaɓi.

Amma fa kome ya yi yawa ya ɓaci. A 1999 kamfanin Rare na Ingila ya fito da Donkey Kong 64, wanda kundin bajinta na Guinness ya ƙidaya masa abin tsinta har 3,821. Birai biyar ne a wasan, kowanne da launin ayabarsa, kuma wani ba ya iya ɗaukar ta wani. Saboda haka tilas mai wasa ya koma ya sauya biri, ya sake bin hanyar da ya riga ya bi. Haka nan Assassin's Creed na 2007, wanda kamfanin Ubisoft ya shirya a Kanada, ya baza ɗaruruwan tutoci a biranen Ƙudus da Dimashƙu da Akka, kuma wanda ya tara su bai ƙaru da takobi ko sulke ba. Wannan shi ne a yi ta ɗibar ruwa da rariya.

Dalilin yawaitar abin ba ɓoyayye ba ne. Rubuta sabon labari da zana sabon gari na cin kuɗi da shekaru, amma kwafar tuta ɗaya a dasa ta a wurare da dama aiki ne mai araha, ga shi kuma yana ba kamfani damar cewa wasansa na da tsawo. Daɗin daɗawa, tun da Microsoft ya kawo tsarin lambobin yabo a na'urar Xbox 360 a 2005, Sony kuma ya biyo da kofuna a PlayStation a 2008, sai tsinta ta zama abin nunawa tsakanin abokai. Zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta son ganin 99 cikin 100, ɗayan nan zai yi ta damunta ko da daɗin wasan ya ƙare tuntuni.

Duk da haka, yawa kaɗai ba shi ne laifi ba. A wasan The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 akwai ƙwayar iri 900 da ake karɓa daga waɗansu 'yan halittun daji. Su ake bayarwa a faɗaɗa jakar makamai, kuma 441 sun gama wannan aiki. An yawaita su ne yadda kowace hanya mutum ya bi zai ci karo da rabonsa. Wanda kuwa ya nace sai ya tara 900 cif, tukuicinsa wani dunƙulen zinariya ne mai siffar kashi, wanda ba ya amfanin kome. Watau masu wasan da kansu sun yi wa mai kwaɗayi shaguɓe. Sai a gwada wannan da Batman: Arkham Knight na 2015, inda aka kulle cikakken ƙarshen labari har sai an warware ƙulle-ƙulle 243. Na farko gayyata ya yi, na biyu kuwa haraji ya aza.

Har ila yau akwai wani mataki da ya fi waɗannan muni, shi ne inda tsinta ta koma ciniki. A waɗansu wasanni, alal misali na ƙwallon ƙafa, akan sayi ƙunshin katunan 'yan wasa a rufe, ba a san wanda ke ciki ba sai an biya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ƙunshi caca ne. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, watau idan wasa ya rinjayi mutum har ya danne masa karatu da aiki da zaman iyali.

Saboda haka ma'aunin ba shi da wuya. Abin tsinta ya cancanci nema idan ya kai mai wasa wurin da ba zai gani ba in ba don shi ba, ko ya ƙara masa ƙarfi cikin wasan, ko ya bayyana masa wani sashe na labari, kuma ana iya barinsa ba tare da asara ba. Amma ranar da aka ga yaro ya buɗe taswira a waya yana soke wurare ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke, to wasa ya ƙare, ƙwadago ne ya rage, kuma ƙwadagon da ba lada.

A ƙasar nan, inda wutar lantarki ke zuwa da ƙa'ida, ana sayen man janareta da kuɗin intanet, a gidajen wasa kuma biya ake yi kafin a riƙe na'ura, maganar ta fi nauyi. Ya kamata iyaye, maimakon tsawa kawai, su riƙa tambayar yaro abin da yake nema da abin da zai samu in ya same shi. Matasa kuma su san cewa ba abin kunya ba ne a ajiye wasa yana saura tuta goma. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tutar tana nan inda aka dasa ta har gobe, amma daren da aka ɓatar wajen nemanta ba ya dawowa.