Koko da Ƙoƙo a Rumbun Bayanai: Nasiha ga Masu Gina Manhaja a Zangon Kumasi

Duk wanda ya san Kumasi ya san kokon Hausawa da ƙosai, waɗanda ake sayarwa da sassafe daga Aboabo da Asawase har zuwa bakin kasuwar Kejetia. Ɗalibin Hausa kuma ya san cewa koko abin sha ne, ƙoƙo kuwa mazubi ne, lanƙwasar da ke kan harafin ita kaɗai ta raba su a rubuce. Haka kafa da ƙafa suke, haka kasa da ƙasa, haka baki da baƙi. Wannan ƙaramar lanƙwasa ita ce kan fara salwanta idan aka zuba rubutun Hausa a rumbun bayanai na kwamfuta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kiyaye ta nauyi ne da ya rataya a wuyan mai gina manhaja, kuma kayan aikin kiyaye ta suna nan kyauta, sani kawai suke buƙata.

Maganar ta shafi Zangon Kumasi kai tsaye. Makarantun Islamiyya suna son rajistar ɗalibai, ƙungiyoyin adashi da ake kira susu suna son lissafin zubi, kwamitocin masallatai suna son jerin sunayen masu ba da gudummawa, masu nazarin harshe kuma suna son tattara kalmomi da karin magana. Matasan da suka koyi aikin kwamfuta a jami'ar KNUST ko a wajenta su ne ake damƙa wa irin wannan aiki. Abin da suka zuba a yau shi ne za a gada gobe. Idan ya shiga a gurɓace, a gurɓace za a gaje shi.

Tushen matsalar

Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya. Tsoffin tsare-tsaren haruffa na kwamfuta kuwa, irin su ASCII da Latin-1, an yi su ne domin Turanci da harsunan yammacin Turai, babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu. Tsarin Unicode ya tanadi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990, kowanne da lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, sai ƴ U+01B4. A hanyar ajiya ta UTF-8 kowannensu yana cin bayit 2, alhali b da d da k bayit 1 suke ci. Yawancin ɓarnar da ake gani tana faruwa ne idan wani sashe na manhaja ya rubuta da wannan tsari, wani sashen kuma ya karanta da wancan.

Alamomin cuta guda 3

Likita nagari ba ya ba da magani sai ya tantance cuta. Rubutun Hausa yakan lalace ta fuska 3, kowace da sanadinta.

Ta farko, a ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin. Wannan mafi sauƙi ce: bayanin yana nan lafiya, samfurin haruffan da ake nuna shi da su ne ba shi da ƙ ko ɗ. A sauya zuwa irin Noto Sans ko Andika ko Charis SIL, kada a taɓa rumbun.

Ta biyu, a ga ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Wannan na nufin an ɗauki bayit 2 na harafi guda an karanta su a matsayin haruffa 2 na tsarin Windows-1252. Bayanin bai mutu ba, ana iya dawo da shi, domin bayit ɗin suna nan. Sau da yawa laifin yana ga mahaɗin da ke tsakanin manhaja da rumbu, ko ga fayil ɗin CSV da aka buɗe da Excel ba tare da an nuna masa cewa UTF-8 ba ne.

Ta uku ita ce mafi muni: a ga alamar tambaya a gurbin harafin, kuma a tarar ita ce aka ajiye a cikin teburin. A nan harafin ya tafi ke nan. Babu wata dabara da za ta faɗi ko ɓ aka rubuta ko ɗ, sai dai a koma ga tsohon ajiyayyen kwafi ko ga takardar asali.

Hanyar tantancewa ita ce duba ainihin bayit ɗin da ke cikin teburi maimakon dogara da abin da fuskar kwamfuta ta nuna. A MySQL, umarnin HEX zai nuna C699 a wurin ƙ idan komai lafiya, ya nuna 3F idan ta riga ta zama alamar tambaya. Haka kuma kalmar ƙasa ya kamata ta ba da 4 a CHAR_LENGTH, ta ba da 5 a LENGTH. Idan lissafin ya saɓa, an san akwai gyara.

Rigakafi a kowane rumbu

Kowane rumbu da tarkonsa. MySQL ya daɗe yana farawa da latin1, sai a siga ta 8.0 ta shekarar 2018 ya koma utf8mb4, saboda haka duk teburin da aka gada daga tsohuwar siga abin tuhuma ne. A saita utf8mb4 a kan rumbun, da teburin, da mahaɗin, duka ukun. A SQL Server, a yi amfani da NVARCHAR, a kuma sa harafin N a gaban rubutun da ake zubawa, in ba haka ba lanƙwasar na iya ɓacewa tun kafin ta isa teburi. SQLite, wanda manhajojin Android da yawa ke dogara da shi, yana ajiye haruffan daidai, amma tsarinsa na NOCASE da umarnan upper da lower haruffan ASCII kaɗai suka sani. Wato a wurinsa Kano da kano ɗaya ne, amma Ƙasa da ƙasa kalmomi ne mabambanta. Wanda ya gina ƙamus a waya bai san wannan ba, zai ga bincike na dawowa hannu rabbana ga kalmar da ke zaune a ciki.

Jerantawa ma wata matsala ce. Idan aka bar rumbu ya jera kalmomi bisa lambobin haruffa, duk kalmar da ta fara da ƙ ko ɓ ko ɗ za ta faɗa can bayan z. Ɗalibi kuwa yana neman ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Ɗakin karatun manhaja na ICU yana da ƙa'idar jeranta Hausa, kuma PostgreSQL ya fara karɓar ƙa'idojin ICU tun siga ta 10 a 2017. Ga masu sa alamar karin sauti, harafi irin à yana iya zama lamba 1 ko kuma lamba 2 da aka haɗa, ido ba ya bambanta su amma rumbu yana bambantawa. A daidaita su zuwa sigar NFC kafin ajiya.

Alhamza da tarkon da ke Gana

Alhamza tana cikin sunaye da kalmomi da yawa: Sa'adu, Isma'ila, Asma'u, 'ya'ya, sana'a. A harshen SQL kuwa wannan alama ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Manhajar da ke liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye a cikin umarni za ta tsaya cak da zarar an shigar da Sa'adu. Wasu sukan warware wannan ta hanyar hana alamar, su mayar da mutum Saadu. Wannan rufe ido ne ga babbar ɓaraka, domin ƙofar da sunan ya karya ita ce ɓarawon bayanai ke bi ya cusa umarninsa. Magani shi ne shiryayyen umarni, inda ake aika umarnin daban, bayanin kuma daban. Da haka an tsare rumbun an kuma mutunta sunan. Sai kuma a zaɓi siffar alhamza guda, domin akwai miƙaƙƙiya U+0027, da lanƙwasasshiyar da waya kan sa da kanta U+2019, da U+02BC wadda Unicode ya ɗauka harafi ce. Haka nan 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar sauti ɗaya suke nufi, bincike ya kamata ya san haka.

Akwai tarko na musamman ga mazauna Gana. Harshen Ewe yana da harafi ɖ, mai jela ta ƙasa, lambarsa U+0256, maƙwabcin ɗ ta Hausa a jerin Unicode. Mai amfani da madannan da aka shirya domin harsunan Gana yana iya danna shi bisa kuskure, a ƙaramar fuskar waya kuma da wuya a lura. Ƙa'ida ɗaya a bakin shigarwa, wadda za ta yi gargaɗi idan ɖ ta shigo gurbin Hausa, ta isa ta kawar da wannan.

Hujjar masu cewa a bar lanƙwasa

Masu wannan ra'ayi suna da hujja 2 da suka cancanci amsa. Ta farko, da yawa daga masu magana da Hausa a zangunan Gana ba sa bambanta k da ƙ ko d da ɗ a furuci, kuma ba sa rubuta su. Gaskiya ne, kuma Hausar zango kari ce mai 'yancinta da ta cancanci a adana ta yadda take. Sai dai wannan hujja ce ta sauƙaƙa bincike, ba ta goge bayani ba. A yi gurbi 2: ɗaya na rubutun asali, ɗaya na siffar da aka cire wa lanƙwasa da alhamza domin nema. Wanda ya rubuta kasa sai a nuna masa kasa da ƙasa ya zaɓa. Kwamfuta tana iya cire lanƙwasa a kowane lokaci, amma mayar da ita sai an sami wanda ya san harshen ya bi kalma bayan kalma.

Ta biyu ta kuɗi ce. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga sai ya koma tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, kuɗin aikawa ya ƙaru. Ƙungiyar adashi mai tura saƙo ga mambobi tana da dalilin damuwa. Amsar dai ita ce a cire lanƙwasar a bakin fita, lokacin aika saƙon, a bar rumbun da cikakken rubutu.

Sunayen mutane ma haka suke. Mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a rajistar makaranta, Abubakari a katin shaidarsa na ƙasa, Bukari a bakin unguwa. Kada a mai da suna mabuɗin teburi. A ba kowa lamba, a ajiye siffofin sunansa a ƙarƙashinta.

Kafin a taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowane gyara a ɗauki kwafi da mysqldump ko pg_dump, a kuma gwada mayar da shi a wani wuri, domin kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. A tanadi gajeren jerin kalmomin gwaji, kamar ɓauna, Ɗanladi, ƙoƙo, 'ya'ya da tsuntsu, tare da kalmar Twi mai ɛ da ɔ da kuma layi guda na ajami, a bi da su daga fom zuwa teburi zuwa rahoto duk sa'ad da aka sauya wani abu. Kada a yi gwaji da bayanan mutane na gaske, kada kuma a tura su ga wanda ake neman taimakonsa, domin Gana tana da dokar kare bayanai tun 2012.

Ɗaliban Hausa suna da rawar takawa a nan. Su ne suka san inda lanƙwasa take zama, su ne ya kamata su tsara jerin gwajin su kuma duba sakamakon. Hausa tana da tsohon tarihin rubutu a wannan ƙasa: Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, ya bar rubuce-rubucen Hausa da ake nazari har yau saboda an kwafe su an adana su da kulawa. Mai gina rumbun bayanai shi ne makwafin wannan zamani, kuma sharaɗin makwafi shi ne ya miƙa abin da aka ba shi ba tare da ya rage ko ɗigo ba.