Gidan Kalabi da ƙofar da ba ta buɗuwa

Ƴan uwa ƴan kasuwa da ma'aikata, sabon yayin manyanmu shi ne mallakar bila a Kalabi, bayan garin Kwatano: katanga mai tsawo, gardi a ƙofa, iskar teku da maraice. To, madalla!

Amma iyayenmu da suka bi hanyar nan Zango suke sauka, inda mai masauki ke karɓar baƙo ko da tsakar dare, ya ciyar da shi, ya tsaya masa wajen ciniki. A unguwar katanga kuwa, ɗan Matamaye ya je neman kawunsa, sai gardi ya tambaye shi ko an san da zuwansa. Kawu fa!

Suna cewa ajiyar dukiya ce. Wace ajiya? Teku ta cinye gidaje a Akpakpa, kuma da aka rufe gadar Gaya a 2023, sai a kwalekwale ake tsallaka Kwara.

Kuɗin katanga guda da ya haƙa rijiyoyi nawa a lambunan rakenmu? Daga ƙasar Kance ne akasarin mutane 92 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a 2013 suka fito, yawancinsu mata da yara.