Haƙƙin Ɗaukaka Ƙara a Shari'ar Miyagun Ƙwayoyi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan uwa masu karatu, babu mai hankalin da zai musa cewa miyagun ƙwayoyi sun zama annoba a ƙasar nan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutane miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 kuwa sai da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ɓarnar da ya yi wa samari da 'yan mata, har da matan aure. Saboda haka ba abin mamaki ba ne, duk lokacin da aka ji Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin wani da aka ɗaure kan ƙwaya, sai zukata su tafasa, wasu su ce an sayi alƙalai, wasu su ce dillalin ƙwaya bai ma cancanci a sake sauraronsa ba.

Mun fahimci wannan fushi, kuma muna tare da masu neman a tsananta wa fataken ƙwaya. Amma matsayinmu shi ne: gwargwadon tsananin horo, gwargwadon wajabcin a sake duba hukuncin da ya haifar da shi. Tarihin ƙasar nan ya ishe mu hujja.

A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja mai lamba 20, wadda ta tanadi kisa ga masu safarar hodar iblis da makamantanta. Aka danƙa shari'ar ga kotun musamman, aka toshe hanyar zuwa manyan kotuna, ya zama Majalisar Ƙoli ta Soja ce kaɗai ke tabbatar da hukunci. Daɗin daɗawa, aka mayar da aikin dokar baya, ta hau kan laifin da aka aikata tun ba a kafa ta ba. A ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe samari uku a Legas: Lawal Ojuolape, da Bernard Ogedengbe, da Bartholomew Owoh. Abin da ya tayar da hankalin masana shari'a shi ne, a cikinsu akwai wanda ya yi laifinsa a lokacin da horon wannan laifi bai kai ga kisa ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire hukuncin kisa daga dokar, amma mutanen uku sun riga sun kwanta dama. Doka ana gyara ta, rai kuwa ba ya dawowa.

Babu wanda ya ce waɗannan samari salihai ne. Abin tambaya shi ne, shin ya halatta a kama mutum da dokar da ba ta wanzu ba ranar da ya yi laifi? Shari'ar Musulunci ta daɗe da amsa wannan. Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa azaba ba ta rigayar gargaɗi, Suratul Ma'ida kuma ta ɗauke laifi daga sahabban da suka sha giya kafin a haramta ta. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana irin wannan komawa baya, amma hani a takarda ba ya kare kowa sai in akwai kotun da za a kai mata kuka.

Wasu 'yan uwa suna zaton ɗaukaka ƙara al'adar Turawa ce da aka cusa mana. Wannan kuskure ne. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan warware hukunci. Imam al-Ƙarafi, daga manyan Malikiyya, ya ambaci wurare huɗu da ake rushe hukuncin alƙali: idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi mabayyani, ko ƙa'idojin shari'a. Sayyidina Umar (R.A.), a wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari, ya hore shi da ya janye hukuncinsa na baya idan gaskiya ta bayyana masa. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar mata biyu da suka yi jayayya kan jariri: Annabi Dawuda (A.S.) ya ba wa babbar, suka je wurin Annabi Sulaimanu (A.S.), ya gano uwar ta gaskiya, ya mayar wa ƙaramar da ɗanta. Imam an-Nasa'i ya kafa hujja da wannan hadisi a kan cewa alƙali yana iya warware hukuncin wanda yake daidai da shi, ko ma ya fi shi daraja. To, idan an sake duba hukuncin Annabi Dawuda, wane alƙali ne a yau ya fi ƙarfin a duba nasa?

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake tafiya. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 48 ta 1989, ita ce ke gurfanar da wanda ake tuhuma, kuma tun 1999 Babbar Kotun Tarayya ce ke yin wannan shari'a. Wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana 90 ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can kuma sai Kotun Ƙoli. Alƙalan sama, a bisa al'ada, ba sa sake kiran shaidu. Kundin shari'ar suke karantawa, su yi tambayoyi. An karanta wa mutumin tuhumar, an bayyana masa ita da harshen da yake ji, ko kuwa Bahaushe ne aka yi masa da Turanci babu tafinta? Abin da aka kama, an kai shi ɗakin gwaji an tabbatar da cewa ƙwaya ce, kuma shi ne ainihin abin da aka gabatar wa kotu? An nuna cewa kayan suna hannunsa da saninsa? Iƙirarin da ya sa wa hannu, da son ransa ya yi shi ko da duka? Horon da aka yi masa, ya tsaya a iyakar da doka ta shata? Duk ɗalibin fiƙihu zai gane waɗannan tambayoyi, domin su ne babin bayyina, da iƙirarin wanda aka tilasta, da kawar da haddi saboda shubuha.

Kada a ɗauka wannan shubuha tatsuniya ce. A ƙarshen 2018 hukumomin Saudiyya suka tsare wata ɗaliba 'yar ƙasar nan da ta je Umra, saboda wata jaka mai ɗauke da tiramol da aka liƙa wa sunanta. Binciken NDLEA ya gano cewa wasu gungun ma'aikata ne a filin jirgin saman Malam Aminu Kano suka maƙala sunanta ga jakar da ba ta san da ita ba, aka sake ta a Afrilun 2019. Ita ba a kai ga yanke mata hukunci ba, amma a yi tunani: a zahiri hujja ta tsaya a kanta, a ƙasar da take kashe masu safarar ƙwaya. Sake dubawa ne, da ikon Allah, ya cece ta.

Haka nan kada a zaci ƙofar ɗaukaka ƙara mafita ce ga kowane mai laifi. A 2008, a shari'ar Omoju, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar mutumin da ya amsa laifin safarar hiroyin da bakinsa a gaban alƙali, sannan ya dawo yana neman a rushe hukuncin. Ita ma gwamnati tana da damar ɗaukaka ƙara idan aka sallami wanda take ganin mai laifi ne, ko aka yi masa sassaucin da ya wuce kima. Idan kuwa mai laifi na gaske ya kuɓuta, sau da yawa daga ƙasa ɓarakar take: bincike na ganganci da sakaci wajen adana shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aibin da ya kamata ya dame mu yana wani wuri dabam. Babban dillali yana da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi, ya bi kotuna hawa-hawa. Yaron da aka kama da ƙullin tabar wiwi kuwa, sau da yawa bai san yana da wannan haƙƙi ba, kwana 90 su shuɗe yana gidan yari, ko ya gama zaman wa'adinsa ba a kai ga ƙararsa ba. Wannan shi ne irin bambancin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi a kansa a ƙissar matar nan Bamakzumiya, inda ya nuna cewa sakin mai daraja da kama mai rauni shi ya halaka al'ummun da suka gabata.

A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da a dawo da hukuncin kisa ga masu safarar ƙwaya, kafin daga bisani majalisun biyu su daidaita a kan ɗaurin rai da rai. Wannan muhawara za ta sake tasowa, don haka muna kira ga 'yan majalisa da su tuna da 1985, kada su taɓa haƙƙin ɗaukaka ƙara komai tsananin da za su yi. Muna kira ga gwamnati da ta ƙarfafa Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda take nan tun 1976, domin talaka ya samu mai tsaya masa. Muna kira ga jami'an NDLEA da su kyautata bincike, ga alƙalai da su ji tsoron Allah su rage jinkiri, ga lauyoyi Musulmi da su ware lokaci don raunana saboda Allah. Mu kuma sauran jama'a, mu kame harsunanmu daga tuhumar alƙali da cin hanci alhali ba mu san dalilin hukuncinsa ba, domin wannan ma zato ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya tona asirin masu lalata su, Ya tsare mu daga zaluntar kowa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.