Kafin a ce mata juya, wa ya auna ta?

Jama'ar Damargu, masu saurarenmu na Tanut, Belbeji, Tarka da Gangara.

A nan wajenmu, amarya ta yi shekara biyu ba ciki, sai magana ta soma. Dangin miji su yi ta habaici, a sha rubutu, a jiƙa saiwa, daga baya a ce juya ce, a kawo kishiya. To wa ya auna ta?

Mace na da ƴan hanyoyi biyu sirara, dama da hagu, daga mahaifa zuwa wurin ƙwai. Likitoci na ce musu trompes. A cikinsu ne ƙwan mace ke gamuwa da maniyyi. In duka biyun sun toshe, ko buhun magani ta sha ba za su gamu ba. Galibi ciwon sanyi ne da ba a yi ma magani sosai ba ke toshe su, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan haihuwa ko ɓari. Kuma ku yi haƙuri maza, sau da yawa maigida ne ya shigo da sanyin gida.

Awon, sunansa HSG. Radiyo ce, amma ba irin tamu mai magana ba! Ana zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto. In ruwan ya bi ya fita ta ƙarshen hanya, a buɗe take. In ya tsaya, an ga inda matsala take. Mara na murɗawa kamar lokacin al'ada, amma ba ya daɗewa.

Ba aikin CSI ba ne, sai an kama hanyar Damagaram wajen likitan mata, kilomita wajen 140 daga Tanut. Ga kuɗin mota, ga masauki. Shi ya sa nake cewa miji ya bi ta, kuma shi za a fara aunawa. Awon maniyyi ba zafi, ya kuma fi araha. OMS ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Mutum ta ce, ba mace kaɗai ba. Ina dalilin a sa baiwar Allah ta sha wahala, shi yana zaune a fada yana shan shayi?

Ƴan uwa mata, ku fara ganin ungozoma a CSI, in da sanyi a yi maganinsa tukuna, ku da maigidan. Sannan ku ƙidaya kwana: bayan jini ya ɗauke ake yi, kafin kwana 12 daga ranar da ya zo. In kun wuce, an yi asarar kuɗin mota, sai wata mai zuwa.