Zauren Malam: Akwatin Agogon Asuba

A Zangon Kumasi ko Nima ladan ke ta da mutum asuba, amma a yawancin unguwannin Landan sai agogo. Ga shi kuwa lokacin ba ya tsayawa wuri guda. A tsakiyar Yuni rana na fitowa wajen ƙarfe 4:43, a ƙarshen Disamba sai bayan ƙarfe 8. Saboda haka samarinmu da suka koyi haɗa agogon lantarki da hannunsu sun yi abin yabo. Sai dai aiki bai ƙare ba sai an sama masa akwati, nan ne kuwa da yawa ke tuntuɓe.

Na farko, a bar gwangwanin biskit, kome kyaunsa. Ƙarfe na ɗaukar wuta, in ya taɓa wayoyin ciki sai agogo ya mutu. Ban da wannan, yana tare saƙon iska. Michael Faraday, ɗan maƙeri, shi ya gwada haka a nan Landan cikin 1836, da ya lulluɓe wani ɗaki da fallen ƙarfe. Agogon da ke daidaita kansa da tashar Anthorn ta arewacin Ingila, wadda ke aiko da lokaci tun 2007, ko wanda ke dogara da Wi-Fi, in aka kulle shi cikin gwangwani ya kurmance ke nan. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, sa'ad da ake juya agogon ƙasa da awa guda, sai ya yaudari mai shi.

Na biyu, a zaɓi katako ko roba mai kauri. Katako ya fi daɗin aiki, yana kuma ƙara wa lasifika amo. A huda masa ƙananan ƙofofi daidai bakin lasifikar, don ƙarar da ta shaƙe ba ta ta da mai nauyin barci. A rufe da sukuru, kada a liƙe da gam, gama wata rana za a so canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe lokaci in wuta ta ɗauke.

Na uku, shi ne babba. Wutar gidajen Ingila bolt 230 ce, tana kisa. Kada a shigar da ita cikin akwatin ko kaɗan. A bar ta can jikin bango, a jawo bolt 5 da cajar waya. Yaro na iya buɗe kome, rigakafi kuwa ya fi magani.

Daga ƙarshe, maɓallin kashewa a sa shi a baya, inda sai mutum ya tashi zaune kafin hannu ya kai. Wanda ya sa shi a bisa, kusa da matashi, ya taimaki Shaiɗan a kan kansa.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya ba mu ikon tashi a kan kari, amin. Haza wasalam.