Duniya Makaranta: Shirin Kamun Kifi a Duwatsun Sikotlan

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Sikotlan, can arewa da Ingila, mu ga yadda mutanenta ke shirin tafiya kamun kifi a kogunan kan dutse da tafkuna sa'ad da sanyi ya fara janyewa. 'Ya'yanmu da dama suna karatu ko aiki a can, wata rana kuwa abokin aiki zai ce musu su zo a tafi kogi. Ya kamata su san abin da za su tarar, gama ruwan ƙasar yana da doka, yana kuma cin rai.

Bari mu fara da irin fatsar. Mu dai mun saba da soka tana a ƙugiya, mu jefa, mu zauna jira. Su kuwa sukan ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Wanda ya taɓa ganin kifi yana tasowa ya cafki shinge bayan ruwan fari ya riga ya gane dabarar. Ƙwaron ƙaryan nan ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, saboda haka igiyar ce aka yi wa nauyi. Mai fatsa yakan kaɗa sanda gaba da baya kamar bulala, igiya ta miƙe, ƙwaro ya sauka a hankali bisa ruwa. Kifayen da ake nema biyu ne: tirawut, mai ɗigo-ɗigo a jiki, da babban wansa salmon, wanda yakan girma a teku sa'an nan ya hauro kogin da aka ƙyanƙyashe shi domin ya yi ƙwai.

Abu na fari a shiri shi ne lokaci. Doka ta buɗe kamun tirawut daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba. Na salmon kuwa kowane kogi da ranarsa: kogin Tay, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar, yakan buɗe 15 ga Janairu, kogin Spey kuma 11 ga Fabrairu. Amma buɗewar doka dabam, shirin kifi dabam. A watan Maris ƙanƙarar duwatsu tana narkewa tana gangarowa, ruwa ya yi sanyi ƙwarai, kifi ya lafe a ƙasa. Ƙwari ba su tashi sai rana ta yi tsaka, nan ma na ɗan lokaci kaɗan. Don haka mai hankali yakan fara da kogunan kwari a watan Afrilu, ya bar tafkunan kan dutse sai Mayu, gama su ne ke makara wajen ɗumi. Mayu yana da wata riba kuma: rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ƙananan ƙwarin nan masu cizo da ke addabar ƙasar tun daga Yuni kuwa ba su yi yawa ba tukuna.

Na biyu, izini. Kamun kifi a kowane yanki na ruwa yana da mai shi, ko mutum ɗaya ko ƙungiyar masu fatsa ta garin, a wurinsu ake sayen takarda ta yini ko ta mako. Kamun salmon ba tare da rubutaccen izini ba laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali. Haka kuma doka ta hana kamun salmon ranar Lahadi, sai a lissafa kwanakin tafiya daga Litinin zuwa Asabar. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, saboda haka a nemi ɗan jagora na wurin, wanda ya san gurbi da mashigi.

Na uku, kaya. Sanda mai ƙafa 9 ta isa tirawut na kogi, a tafki akan ƙara ta kai 10. Ta salmon kuwa takan kai ƙafa 13 zuwa 15, da hannu biyu ake riƙe ta. Sai wandon roba mai haɗe da takalmi domin shiga ruwa, da rigunan ulu, da rigar ruwa, da hula, da tabarau, gama iska takan juyo da ƙugiya ta nufi ido. Wanda ya yi amfani da kayansa a wata ƙasa ya wanke su da magani, ya shanya su bushe sarai, don kada ya shigo da cutar da ta hallaka salmon a koguna da yawa na ƙasar Norwe.

Na huɗu, kuma mafi girma, tsaron rai. Ruwan da ya fito daga ƙanƙara yakan ɗauke numfashin mutum nan take, ko gwanin iyo ne. Kada a shiga jirgi ko ruwa mai zurfi ba da rigar hana nitsewa ba. A riƙe sandar dogarawa a cikin kogi, a lura da wani dutse a bakin ruwa. In ruwa ya fara rufe shi, a fito, domin an yi ruwa a bisa dutse ke nan. Mai hawa zuwa tafkin nesa ya ɗauki taswira, ya faɗa wa mutanen masauki inda ya nufa da lokacin dawowarsa, gama hazo yakan rufe hanya, waya kuma ba ta samuwa ko'ina. Da yamma a duba jiki saboda kaska, tana sa ciwo.

To, ga abin da zai ba mu mamaki. Bayan wahalan nan duka, wanda ya kama salmon kafin 1 ga Afrilu tilas ya mai da shi ruwa da rai. Haka doka ta ce tun shekarar 2015, a koguna da yawa ma duk shekara ne. Dalili kuwa shi ne kifin yana ƙarewa. A 1922 wata mace, Georgina Ballantine, ta kama salmon mai nauyin kilo 29 a kogin Tay, har yau ba a kama wanda ya fi shi da fatsa a Birtaniya ba. A 2023 kuwa sai aka sa salmon na Birtaniya cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Shi ya sa ake jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, a cire ƙugiya da sauri, a tallafe shi cikin ruwa har ya farfaɗo ya tafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu a Argungu sun hana su a Matan Fada sai ranar biki, domin kifi ya sami zarafin girma. Amma ga shi yau akwai masu zuba guba a rafi, su kwashe manya da ƙanana a yini ɗaya, su bar mata da yara da ruwan da ba ya shawuwa. Iyaye, in yaranmu za su tafi rafi, mu tambaye su da wa za su tafi, yaushe za su dawo, mu kuma koya musu su mai da ƙaramin kifi ruwa, domin su ma 'ya'yansu su sami na kamawa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.